Hoton bayan ido yana fito min da jinjirin wata a gefe, ku fa?

Sabon Hannu, Garwa:
Salamu alaikum. Wata na biyu ke nan da aka ɗora ni kan na'urar ɗaukar hoton bayan ido, yawanci masu ciwon suga ake turo min. Sau da yawa hoton sai ya fito da farin haske a gefe kamar jinjirin wata, ko kuma rabinsa duhu, likita ya dawo min da shi. Wanda ya taɓa fama da wannan ya agaza.

Yaya Nas, Marwa:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka zargi na'ura tukuna. Hasken da ke shiga da hoton da ke fitowa duk ƙofa ɗaya suke bi, wato ɗan ramin nan na tsakiyar baƙin ido, kuma irin na'urar da ake aiki da ita ba tare da ɗiga maganin buɗe ramin ba tana son ya buɗe kusan milimita 4. Ka kauce kaɗan, haske ya bugi bakin ramin, ga jinjirin watanka. Don haka kafin ka taɓa sandar juya na'urar, gyara zaman mutum. Akwai layi a jikin ƙarfen da ke gefen wurin ɗora haɓa, ka ɗaga ko ka sauke har kusurwar idonsa ta zo daidai da shi. Sai goshi, nan ne aikin yake. Dattawanmu da rawani ko hula mai tauri, goshin ba ya kaiwa madaurin da ake jingina shi, kai sai lilo yake. Nakan ce, “Baba, a yi haƙuri a ɗan tura hular baya.” Ban taɓa ganin wanda ya ƙi ba.

Hajiya, Gaundare:
Ni ba ma'aikaciya ba ce, mai suga ce, duk shekara ana yi min. Karon farko yaron ya yi ta ce min in tsayar da ido da Faransanci, ni ban san me zan kalla ba, ina ta bin fitilar nan da ido duk inda ta yi. Sau biyar yana haska ni har hawaye. Sai wata nas ta ce min da Fillanci akwai ɗan koren ɗigo a ciki, shi kaɗai zan zuba wa ido, in ƙyafta sau biyu sannan in buɗe. Ɗauka ɗaya aka gama. Ɗana, ka riƙa faɗa wa mutum abin da zai gani tun bai sa haɓarsa ba.

Yaya Nas, Marwa:
Hajiya ta tuna min. Idan ka haska ido ɗaya, ramin ɗayan ma yana tsukewa. Kashe fitilar ɗaki, ka ba shi ɗan lokaci kafin ka koma na biyu.

Mai Gyara, Kusseri:
Idan tabo yana fitowa wuri ɗaya a hoton kowa, ba ido ba ne, ƙurar hunturu ce a kan gilashi. A busa ta da ɗan famfon roba kafin a goge, kar a sa gefen riga.

Abu Fatima, Njamena:
Wanda ya fi ba ni wuya shi ne idon da tsakiyar ganinsa ya lalace, ba ya ganin koren ɗigon sam. Sai in sa ɗayan idon ya bi 'yar fitilar da ke wajen na'urar, tunda tare suke juyawa. In ramin ya ƙi buɗewa, likita ya yarda, mu ɗiga tropicamide, maganin buɗe ramin, mu jira minti 20 zuwa 30. Amma ka tambaya ko da babur ya zo, don gani zai yi dishi-dishi na awoyi, ga ranar garinmu.

Sabon Hannu, Garwa:
Allah Ya saka da alheri. Yau na gyara hula na kashe fitila, jinjirin wata ya ɓace. Sai wani tsoho da hotonsa ya fito kamar hazo duk yadda na saita. Na kai wa likita, ya duba ya ce yanar ido ce, an rubuta masa ranar aiki.