Tambaya kan cocin Katolika na Emmitsburg da makarantarsa

Malam Bulus:
Salama a gare ku. Ina neman ƙarin haske daga masu sanin tarihin Katolika a Amurka game da Emmitsburg, wani ƙaramin gari a jihar Maryland. Ana yawan cewa a can aka fara makarantun coci na ƙasar, kuma Elizabeth Ann Seton ce ta assasa su. Shin cocin garin ne ya gina makarantar, ko makarantar ce ta riga cocin? Kuma da me aka riƙe ta, tunda an ce kyauta ake karatu?

Malama Rifkatu:
Malam Bulus, coci ne ya riga makaranta. An kafa cocin St. Joseph na Emmitsburg a 1793, ginin da ake sujada a cikinsa yanzu kuwa na 1842 ne. Seton ba ta iso garin ba sai 1809, tana bazawara mai 'ya'ya biyar, wadda ta bar cocin Episcopal ta shiga Katolika a 1805. Wani mai hali, Samuel Cooper, shi ya ba da kuɗin sayen gonar da ta zauna a kai, kuma kafin gidan gonar ya gyaru, Fada John Dubois, wanda ya kafa kwalejin Mount St. Mary's a 1808, ya ba ta aron ɗan gidansa na katako a gefen dutse, ita da matan da suka biyo ta. Waɗannan matan su ne suka zama ƙungiyar sistoci ta Sisters of Charity, wato matan da suka keɓe rayuwarsu ga ibada da hidimar coci.

An buɗe makarantar a watan Fabrairun 1810 domin 'yan matan yankin. Batun kyauta gaskiya ne, amma akwai dabara a ciki: bayan 'yan watanni sai aka fara karɓar ɗaliban kwana, 'ya'yan masu hannu da shuni daga birane irin su Baltimore, kuma kuɗin da iyayensu ke biya ne ya ɗauki nauyin 'ya'yan talakawa masu jeka-ka-dawo. A lura kuma cewa makarantar ta sistoci ce, ba mallakar cocin garin ba.

Baba Yohanna:
Malama Rifkatu ta yi bayani mai kyau, kuma maganarta ta ƙarshe ce ta sa ban yarda da cewa a Emmitsburg aka fara ba. Cocin St. Mary na Philadelphia yana da makarantarsa tun farkon shekarun 1780, lokacin Seton tana yarinya. Abin da ya mai da makarantar coci tilas shi ne taron bishop-bishop na Baltimore a 1884, wanda ya umarci kowane coci ya buɗe makaranta cikin shekara biyu, saboda makarantun gwamnati na lokacin suna koyarwa da Littafi Mai Tsarki na 'yan Furotesta, iyaye Katolika kuwa, galibi baƙin haure daga Ireland da Jamus, ba su aminta da hakan ba. Coci da yawa ba su cika umarnin ba.

A ganina, gudummawar Seton ta gaskiya ita ce malamai. Ƙaramin coci a ƙauye ba zai iya biyan albashin malamai ba, amma zai iya ba sistoci uku ko huɗu masauki da ɗan abin kashewa. Shi ya sa da adadin sistoci a Amurka ya faɗi daga kusan 180,000 a 1965 zuwa ƙasa da 50,000, ɗaliban makarantun Katolika su ma suka ragu daga sama da miliyan 5 zuwa ƙasa da miliyan 2, domin dole aka ɗauki malamai masu albashi, kuɗin makaranta ya tashi.

Malam Bulus:
Na gode, Baba. To, makarantar Seton ɗin tana nan har yau?

Malama Rifkatu:
Tsohuwar makarantar ta girma ta zama kwalejin mata ta St. Joseph, wadda aka rufe a 1973, shekara biyu kafin Fafaroma Paul VI ya ayyana Seton a matsayin waliyyiya. Gwamnatin tarayya ta sayi harabar a 1979, yanzu a nan ake horar da 'yan kwana-kwana. Makarantar firamare ta Mother Seton School kuwa tana aiki a garin, kuma daga makarantar 1810 take ƙirga asalinta.