Neman kalma: kwashe tarihin aiki daga Subversion zuwa Git

Maman Khalifa: Assalamu alaikum. Asabar da safe ina da darasi da matasa masu koyon rubuta manhaja a nan Pantami, kuma na yi musu alkawarin takardar da Hausa za ta zo. Ga inda na maƙale: me za mu kira kwashe aiki daga Subversion zuwa Git (manhajoji biyu masu ajiye fayilolin aiki da tarihin canje-canjensu), ba fayilolin yau kaɗai ba, har da wa ya canza me, yaushe, da dalilinsa? Gobe kafin sallar Juma'a zan kai a buga.

Sani: Ƙaura mana, Anti. Ƙaurar tarihi.

Malam Buba: Ƙaura ba ta zauna ba. Mai ƙaura kufai yake bari a baya. Ni dashe nake cewa, na daɗe ina koyarwa da ita. Je ki Dadin Kowa ki ga yadda ake dasa tumatir: da saiwarsa ake ɗaukowa, har da 'yar ƙasar da ke jikinta. Saiwar nan ita ce tarihin. Wanda ya kwafi fayiloli kawai ya buɗe sabon rumbu, wato ma'ajiyar fayilolin aikin, ganye ya tsinko.

Hauwa'u: Allah ya gafarta malam, ai dashe ma rami yake bari. A namu aikin tsohon rumbun yana nan cike, rufe shi kawai ake yi a hana zuba sabo. Kuma abin da ya isa can ba sak yake ba. Subversion jere take ƙirga canji, 1, 2, 3. Git kuwa kowane canji lambar shaida take ba shi mai harufa 40. Da muka yi namu a wurin aiki, na buɗe wani tsohon bayani da ke cewa "gyaran kuskuren 812", alhali babu 812 a sabon wurin. Sunayen ma da hannu na jera su, domin Subversion gajeren sunan shiga take riƙewa, Git kuwa cikakken suna da imel take so. Wannan juyi ne, kamar yadda ake juyar littafi: matani ɗaya, shafuka sun sauya, na asali yana hannun mai shi.

Sani: Yaran yanzu in suka ji juyi, juyin mulki za su tuna. Su turi suka sani, na shagon waya.

Malam Buba: Turi na fim ne da waƙa. Dashe kuwa har likitoci sun karɓa, ana cewa dashen ƙoda.

Baba Alhaji: Ni abin da ke damuna daban ne. Kowa ya kwana ya tashi sai ya ƙirƙiro kalma. Ga Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya a Jami'ar Bayero, me ya hana a tambaye su? In Kano ba ta san kalma ba, wa zai karanta?

Malam Buba: Ranka ya daɗe, Hausar bakinmu ba aro muka yi ba. Sai mun nemi izini kafin mu sa wa abin da muke taɓawa kullum suna?

Baba Alhaji: Ba raini ba ne, Buba. Shekara talatin na koyar, na ga yaro ya faɗi jarrabawa saboda kalmar da malaminsa ne kaɗai ya sani.

Hauwa'u: Baba, a yi haƙuri, lokacinta yana tafiya. Anti, kalma biyu kike buƙata. A 2005 da Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Git, ya zuba manhajarsa ta Linux cikin Git, bai ɗauko tsohon tarihin ba, daga inda aiki ya tsaya ya fara. Masu harshen rubuta manhaja na Python kuwa da tarihinsu suka bar Subversion zuwa Mercurial, wata manhaja irin Git, a 2011, suka koma GitHub, shafin ajiye rumbunan Git, a 2017. Ɗalibai su san bambancin.

Maman Khalifa: Na gode ƙwarai. A kanun darasi zan sa "ƙaura da tarihi", kishiyarta "ƙaura ba tarihi", don su ne za su gane nan take. A cikin bayani zan yi amfani da juyi wajen lambobi da sunaye. Malam, misalin tumatir ɗinka zan buɗe da shi.

Malam Buba: To. Ki dai gaya musu tsohon rumbun ba kufai ba ne, kada wani ya je ya goge shi. Ni a ajina dashe zan ci gaba da cewa.