Lumina SS ɗina ta buga inji, in gyara ta don titi da halba (filin tseren mota) ko in haƙura?

Ɗan_Jarwal

Assalamu alaikum jama'ar gida, dan Allah masu ilimin mota ku kawo min ɗauki don kaina ya kulle. Wata takwas kenan da na sayi Lumina SS 2009 a Haraj, kasuwar kayan hannu na biyu ta nan Saudiyya, makina wato inji 6.0 V8 giya atomatik, wanda ya sayar min ya riga ya taɓa ta, ya sa mata babban kam (sandar da ke buɗe balbulolin inji) da hedas (bututun fitar hayaƙi daga inji), ya cire dabba, wato tukunyar da ke tace hayaƙi, an kuma yi mata barmaja, wato an sake saita kwamfutar inji. In tana tsaye zakaji tana wannan gurnanin tana girgiza, gsky shi ya ja hankalina na biya.

Toh ranar Alhamis ɗin da ta wuce mun hau Ɗa'if ta hanyar Hada da abokaina, wajen saukowa sai naji birki ya yi laushi yana nutsewa har ƙasa, da ƙyar na samu gefe na tsaya ya huce. Washegari kuma ina kan hanyar Makka zuwa Jidda dab da Shumaisi sai fitilar mai ta kama, kafin in ankara naji ƙwas ƙwas daga ƙasan inji, na kashe ta nan take na kira sadaha, motar da ke ɗaukar mota, ta kai min ita sana'iyya unguwar makanikai. An buɗe karter, kwanon mai na ƙasan inji, an tarar sabayik (faifan ƙarfen da karanshaf, babbar sandar inji, ke juyawa a kansu) sun ƙone, karanshaf ɗin ya karce, baƙin man duk garin ƙarfe ne.

Mai warshar, wato garejin, yace zaɓi biyu ne, ko ayi tawdib gaba ɗaya, wato a kwance injin a sake haɗa shi da sababbin kaya, ko in je tashlih ɗin Briman, kasuwar kayan tsofaffin motoci ta Jidda, in ɗauko wata makinar a ɗora. Ni kuma abinda nake so shine mota ɗaya da zan riƙa zuwa aiki Jidda kullum daga Makka, kusan kilomita 80 kenan zuwa kawai, sannan in sanyi ya shigo in kai ta Dirab kusa da Riyad in zagaya halba yadda ya kamata, tun da naga tseren Formula 1 na farko a Kornish ɗin Jidda a 2021 abin nan yake raina. Abinda na tara riyal 25,000 ne. Tawdib ko tashlih? kuma tunda za'a buɗe ta ko in ƙara mata sufacaja, na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska, lokaci ɗaya in huta? sannan ya zanyi da fahas, gwajin lafiyar mota na hukuma, saura wata huɗu ya ƙare.

Usta_Kilo14

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya kiyaye gaba, ka gode masa da birkin nan bai kai ka ƙasan dutsen Hada ba. Shekarata talatin da ɗoriya ina kwance injin Amurka a Jidda, irin taka ta sha zuwa hannuna.

Kafin maganar tawdib ko tashlih akwai tambayar da ya kamata mai warsha ya amsa maka, me yasa ta buga? Sabayik basa ƙonewa haka kawai, mai ne ya yanke musu. A injin LS irin naka akwai ƴar robar zobe a bakin bututun da ke zuƙo mai daga karter, in ta tsufa ko wanda ya sa kam ɗin ya matse ta a karkace sai famfon mai ya riƙa jan iska tare da mai, matsin mai ya faɗi, kuma da yawan masu sa kam sai sun taɓa wajen. Ko kuma man ne ya yi zafi ya tsinke kamar ruwa a hawan Hada, ko kwane-kwanen hanyar dutsen sun kwashe shi gefe ɗaya famfo ya sha iska. In baku gano dalilin ba ko sabuwa fil ka ɗora haka zata sake yi maka.

Ni shawarata tawdib, indai bulok bai tsage ba. Makinar tashlih kamar sayen kankana ne a rufe, zasu baka garantin kwanaki kaɗan, wannan ya ishi mai zuwa masallaci da kasuwa amma kai da zaka taka ta a halba baka san me ke cikinta ba, ga motocin da ruwan Jidda ya ci, na 2009 da 2011 da na Nuwambar 2022, ina kake zaton kayansu suka tafi. Naka kuwa ka san ciwonsa. A kai bulok da karanshaf makaraɗa, shagon masu yanka ƙarfen inji, a auna da maikuromita a rubuta maka awon a takarda, kar ka yarda da "usta ya duba da ido yace lafiya". A wanke duk hanyoyin mai da buroshi saboda garin ƙarfen nan yana maƙalewa a lungu, in akwai kular mai, wato abin sanyaya mai, a jefar da ita don bata wankuwa. Famfon mai sabo, lifta (ƴan ƙarafan da kam ke turawa su buɗe balbula) sababbi, kuma in naka mai AFM ne, wato mai kashe silinda huɗu don tsimin fetur, a cire tsarin dungurungum, liftocinsa sun shahara da maƙalewa. Sifirin ɗin balbula a canza su daidai da kam, ba'a barin na kamfani a kan babban kam. Kusoshin kan silinda da na fuli ɗin gaba sau ɗaya ake ɗaure su, in kaga yaron shago yana wanke tsofaffin zai mayar ka hana shi.

Maganar sufacaja kuma ka ajiye ta tukuna ɗana. Kuɗinka bazai kai ba, kuma zafi zata ƙara maka a garin da rani ke haura 45. Kam ɗin ma ni da zakaji tawa ka rage shi zuwa matsakaici, wannan girgizar da ke burge ka ita ce zata ishe ka a cunkoson hanyar Haramain da mukayyif wato AC a kunne, ga giyar atomatik da ke wahala da babban kam in ba'a canza mata konbata, abin da ke haɗa inji da giya, ba. Canjin da ya rage ka zuba shi a lagireto mai kauri na alminiyom, fankoki masu lafiya, kular baƙin mai da kular man giya. Barmaja kuma ayi ta kan fetur 95 jan nan, da rana tsaka ake gwada ta, wanda aka saita da daddare a watan Janairu in Agusta ya zo zakaji inji yana ƙara kamar ana zuba tsakuwa a gwangwani.

Na_Dirab86

Yaya Ɗan_Jarwal sannu da jaje. Duk abinda Usta ya faɗa haka yake, ni dai ɓangaren birki zanyi magana don shi na sani a jikina. Ina Riyad kuma lokacin sanyi nakan shiga halba. Zuwana na farko a zagaye na huɗu birkina ya tafi a ƙarshen miƙaƙƙen layi, na taka naji kamar soso, Allah yasa akwai fili a gaba na shiga tsakuwa na tsaya, hannuna har rawa yake. Ashe man birkin shekara uku ba'a canza ba.

Abinda ya same ka a Hada kenan. Man birki yana shan danshin iska, ku kuma can gefen Jidda ga raɓar teku, DOT 4 sabo ƙa'idarsa kar ya tafasa ƙasa da digiri 230 amma in ya sha ruwa sai ya sauko wajen 155, DOT 3 ma ya fi haka ƙasa, da ya tafasa kumfa ke shiga layi kuma kumfa matsuwa take, shi yasa feda ke nutsewa. Ka nemi na tsere mai kaiwa wajen 300 ka zuba, a fitar da tsohon tas ta ƙafa huɗu, kuma duk kafin ranar halba a sake. Fahamat ɗin birki, wato takalmin birki, ka ajiye seti biyu, na titi da na halba, don na halba in basu ɗau zafi ba basa kamawa sosai ga kuka kamar tsohuwar ƙofa, bazaka so su da asuba a hanyar aiki ba. Tiyo ɗin birki a sa masu saƙar ƙarfe.

Lumina ta kai kusan kilo 1,800, duk nauyin nan birki da tayar gaba ne ke ɗaukarsa. Ka duba lamba huɗun da ke jikin taya, misali 2321 yana nufin sati na 23 a 2021, in ta tsufa ko da zanenta bai cinye ba rana ta riga ta busar da ita. Sannan tunda inji a ƙasa yake yanzu ne lokacin sa karter mai shinge a ciki wanda ke hana mai gudu gefe a doguwar kwana, ka kuma sa agogon zafin mai da na matsin mai a gabanka, fitilar dashbod sai ɓarna ta riga ta faru take kamawa kamar yadda ka gani a Shumaisi.

Wani abu kuma da ba'a cika faɗa ba, ta'amin ɗinka wato inshora baya ɗaukar abinda ya faru a halba, in ka daki bango daga aljihunka ne. Kuma daga Jidda zuwa Riyad wajen kilomita 950 ne, ka ware kuɗin sadaha na dawowa ko da bazaka buƙace shi ba. Hular kwano mai kyau ka saya taka. In kazo ka min magana in zauna gefenka zagayen farko in nuna maka inda ake taka birki, wlh da makinar kamfani ma sai ka daɗe baka ƙure ta ba.

Abu_Rusaifa

Ni fa ya akhi ra'ayina daban. Ka ɗora mata ta tashlih mai sauƙi ka sayar ka cika ka sayi Toyota 86, doki 200 ne kawai amma bata da nauyi, bata cin taya da birki, kuma ita ake koyon kwana da ita. Lumina a Ostireliya kamfanin Holden ke haɗa ta kuma sun rufe masana'antar tun 2017, kayan inji kam akwai su ko'ina tunda LS ne, amma ka fasa fitila ko bamba ka gani, sai ka zagaye Briman kaf kana roƙo. Motar zuwa aiki ce kuma kake son kaiwa halba, ranar da ta kwana a warsha da me zaka je Jidda?

Ƴar_Hindawiyya

Ƙanena ni ban san kan inji ba amma na san takardu, don ni na riƙa zirga zirga da motar ƙanina bara. Tasa ma an cire mata dabbar hayaƙi, sau biyu tana faɗuwa fahas kan hayaƙi da ƙarar salansa, babu fahas kuma babu sabunta istimara, takardar rajistar mota, ƙarshe sai da ya sayi dabbar da tsada ya mayar. Tunda kana gyara ka mayar da ita tun yanzu, akwai irin dabbar da ke barin hayaƙi ya wuce sosai da ake sa wa irin motocinku. Kuma duk canjin da zai sauya kamannin mota ko kayanta na asali ba tare da izini ba mukhalafa ce, wato laifi mai tarar riyal 1,000 zuwa 2,000, in makina zaka canza ka fara zuwa murur, ofishin ƴan sandan hanya, ka ji abinda suke buƙata kafin ka biya kowa.

Sai abinda yafi damuna. Naji daɗi da kace halba, dan girman Allah ka tsaya a nan ɗin. Tafhiɗ, wato wasan ganganci da zamiya da mota a titi, karon farko tarar riyal 20,000 ce da tsare mota kwana 15, na biyu 40,000 da wata guda, na uku 60,000 kuma ana iya ƙwace motar, ga kotu a gaba, mai iƙama kuwa, wato baƙo mai takardar zama, kasan abin ya fi masa nauyi. A layinmu akwai uwar da har yau bata daina kuka ba, ɗanta ma ba shi ke tuƙin ba, kallo kawai ya tsaya yi a gefen hanya. Abokan da zasu ce maka taka mu ji bayan an gama gyara, kace musu su biyo ka Dirab.

Ɗan_Jarwal

Nagode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Anti naji kuma in sha Allah bazaki ji ni a wannan harkar ba, dabbar ma zan mayar. Abu_Rusaifa maganarka gsky ce amma raina na kan motar nan, kwanakin gyara zan riƙa bin wani maƙwabcinmu da ke aiki a Jidda. Yaya Na_Dirab86 zan neme ka in Disamba tayi.

Baba Usta yau da safe naje warsha nace a ciro min bututun man in gani, wlh robar nan a yanke take gefe guda kamar an datsa da wuƙa, mai warshar ma shiru yayi yana jujjuya ta. An kai bulok makaraɗa sunce bai tsage ba, karanshaf kuma wai zai karɓi yanka na farko, wato a ɗan rage kaurinsa karcen ya fita. Na fasa sufacaja. Tambayata ta ƙarshe, in yarda a yanke karanshaf ɗin ko in sayi wani, kuma bayan an haɗa kilomita nawa zanyi kafin in taka ta?

Usta_Kilo14

Alhamdulillah, ka kama ɓarawon. Yankan farko ba komai ɗana indai sun duba shi babu tsagewa kuma bai lanƙwashe ba, sai a sa sabayik daidai da sabon awon, kace su goge shi yayi santsi bayan yankan. Kondorod ɗin (sandar da ke haɗa fistin da karanshaf) da sabayik ɗinsa ya ƙone kam kar a mayar da shi, zafi ya riga ya taɓa shi, sauran bakwai ɗin ma a auna bakinsu. Kafin a tada inji a fara tura mai ya zagaya har agogo ya nuna matsi. Ni yadda nake yi, a zubar da man farko da filta bayan ɗan gudu kaɗan a yanka filtar a duba cikinta, a sake canzawa a kilomita 1,000, a tsakanin nan kar ka riƙe ta a gudu ɗaya tun daga Makka har Jidda, ka riƙa hawa kana sauka, kuma kar ka bar ta tana aiki a tsaye na dogon lokaci. In ta kai 2,000 lafiya sai a koma kan barmaja. Ka turo min hoton takardar awon makaraɗa kafin su fara haɗawa.