Muhawarar cire beli a zauren Hausawan Legas

Ma'aikacin jinya, Idi-Araba: Assalamu alaikum. Raina a ɓace yake, domin jiya aka kawo mana jaririya 'yar kwana 7 tana zubar da jini ta baki, bayan wanzami ya yanke mata beli wai don kada ya toshe mata maƙogwaro. Iska tana bi ta hanci ta gangara bututun da ke gaba zuwa huhu, abinci kuwa yana bi ta wani bututun da ke bayansa zuwa tumbi. Lokacin haɗiya, wani ɗan marfin guringuntsi ne ke rufe hanyar iska, shi kuma beli tare da ganda mai taushi suna ɗagawa su tare hanyar hanci don kada nono ya fito ta can. Yanke shi jahilci ne.

Dattijo mai goro, Agege: Wa'alaikumus salam. Ɗana, wa kake kira jahili? An cire mini beli, an cire wa 'ya'yana, ga mu nan muna cin tuwo muna numfashi lafiya lau.

Ma'aikacin jinya: Baba, Allah ya huci zuciyarka, aikin na kira jahilci, ban ambaci mutum ba. Wanda ya tsira yana nan yana ba da labari, wanda jini ya ƙare masa kuwa ba ya cikin wannan zauren.

Hajiya mai abinci, Mile 12: Ni dai na san ƙwarewa tana faruwa ne idan mutum yana surutu da loma a baki, abinci ya kauce ya faɗa hanyar iska, sai tari ya koro shi. Masu beli da marasa beli duk na sha buga musu baya a rumfata.

Direban tirela, Apapa: Hajiya, ba a nan gizo ke saƙa ba. 'Yan boko sun saba raina sana'ar gado, alhali kafin a gina asibiti wanzamai ne suke yi wa kakanninsu kaciya da ƙaho.

Ɗalibi, Obalende: Ai wanzaman Sakkwato ba sa irin wannan ganganci, sai dai na wasu garuruwan.

Dattijo mai goro: Fito fili ka ce Kano kake nufi, yaro, mu ji.

Shugaban zaure: Jama'a, a tsaya haka. Abin da na fahimta shi ne mafi yawanmu sun yarda wanzanci sana'a ce mai daraja, kuma ni kaina a gidan wanzamai na tashi, ban taɓa ganin an samu matsala ba. Ɗan'uwanmu na Idi-Araba ya yi bayanin huhu da tumbi, mun gode, amma ya janye kalmar jahilci ya ba Baba haƙuri kafin sallar isha'i.