Tambaya kan risefta ta nikotin, wai ita ƙofa ce ko makulli?

Ɗalibar_Famasi:
Salam 'yan uwa. Don Allah a taimaka min. Ina karanta yadda jijiya ke ba tsoka umarni ne, an ce jijiyar tana sakin wani sinadari mai suna asetilkolin sai ya je ya kama risefta (mai karɓar saƙo) ta nikotin sai tsoka ta motsa. Ita risefta ɗin da kanta ce ke barin sodiyam ya shiga ko tana aika wani ne ya buɗe? Kuma me ya haɗa ta da nikotin na taba alhali jiki ba ya yin nikotin? Sannan an ce risefta ta GABA-A, mai karɓar sinadarin GABA, danginta ce, to ya za a yi dangi ɗaya wannan yana tada jijiya wancan yana kwantar da ita?

Abu_Hafsat:
Wa'alaikumussalam ƙanwata. Ita da kanta ce ƙofar, ba ta aika kowa, kuma nan ne duk kyan abin yake. Furotin ne guda biyar suka yi da'ira a jikin fatar ƙwayar halitta suka bar rami a tsakiya, kamar mutum biyar su tsaya kafaɗa da kafaɗa su zagaye bakin rijiya. A tsokar babba, cikin furotin biyar ɗin akwai alfa guda 2, sai beta, delta da efsilon, a ɗan tayi kuwa gama ce a gurbin efsilon. Kowane ɗaya cikin biyar ɗin yana ratsa fatar sau huɗu, M1 zuwa M4, kuma M2 ɗin ne ke fuskantar ramin, su ne suke matsewa su toshe hanya in ba saƙo.

Asetilkolin ba ya shiga ramin, a waje yake kamawa a tsagar da ke tsakanin alfa da maƙwabciyarta, wuri biyu ne kuma sai duka biyun sun cika ƙofar ke buɗewa da kyau, sai furotin ɗin ya ɗan murɗa M2 su ja baya, sodiyam ya kwararo ciki fotasiyam ya fita, wajen kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ta sake rufewa. Wannan saurin shi ya sa kina taɓa abu mai zafi kin janye hannu. Ɗaya riseftar asetilkolin, wato ta muskarin, ita ce mai aika ɗan saƙo ta hanyar furotin G, shi ya sa take da nawa.

Maganar suna kuma, tun 1905 Langley a Ingila ya yi gwaji da nikotin da kurare (dafin kibiya mai shanye tsoka) a kan tsoka ya ce dole akwai wani abu mai karɓa a wurin, a 1914 Dale ya raba ayyukan asetilkolin gida biyu, masu kama da na nikotin da masu kama da na muskarin, wani dafi na naman kaza. Nikotin dai ya dace da wurin ne kawai.

Dakta_Maman_Iman:
Abu Hafsat ya yi bayani mai kyau, bari in ɗauki tambayarki ta ƙarshe don ni ita ta fi burge ni. Ginin iri ɗaya ne, biyar-biyar, riseftocin nikotin da GABA-A da gilaisin da 5-HT3 (ta serotonin) duk gida ɗaya. Bambancin yana bakin ramin, wasu 'yan amino asid masu caji ne ke tantance wa zai wuce. Ta nikotin da 5-HT3 suna barin masu caji fozitif, sai jijiya ta tashi. GABA-A da gilaisin kulorayid suke bari mai caji negatif, sai jijiya ta lafa. Shi ke nan fa.

Kuma wallahi ba karatun jarrabawa kaɗai ba ne, kullum muna aiki da shi. Diazepam da ake ba mai jijjiga yana kama GABA-A ne a gefe ya sa ta riƙa buɗewa da yawa in GABA ya zo. Ondansetron na amai 5-HT3 yake toshewa. Mai mayasteniya (ciwon raunin tsoka) kuwa garkuwar jikinsa ce ke kai wa risefta ta tsoka hari, za ki ga da safe lafiya lau, zuwa yamma fatar ido ta faɗo, in kin ce ya kalli sama na minti ɗaya a gabanki za ki ga tana sauka a hankali. Dafin wasu macizai dangin kumurci ma nan yake kamawa ya ƙi saki, shi ya sa numfashi ake fara tsoro.

Ɗalibar_Famasi:
Allah ya saka da alheri. To Dakta in nikotin buɗewa yake yi, me ya sa mai shan taba sai ya yi ta ƙara yawa kafin ya ji ta?

Injiniya_B:
Kafin Dakta ta dawo. Ƙofar ba buɗe da rufe kaɗai ta sani ba, akwai hali na uku, in abin ya daɗe a kanta sai ta rufe alhali yana nan maƙale ta daina amsawa. Shi asetilkolin akwai enzayim mai sare shi nan take, nikotin kuwa wannan enzayim ba ya taɓa shi sai ya yi ta zama a wurin. A ƙwaƙwalwa risefta irin alfa4 beta2 ce ta fi kama shi, tana sa a saki dofamin, sinadarin jin daɗi, da ta gaji ta yi shiru sai yawanta ya ƙaru a ƙwaƙwalwar mai shan, da daddare nikotin ya ragu duk su farfaɗo, shi ya sa karan farko na safe ya fi kama mutum kuma bari yake da wuya haka.

Ki kula kuma kar ki zuba riseftocin gulutamet, wani sinadarin saƙo na jijiya, cikin dangin nan, AMPA da NMDA huɗu-huɗu ne, wata risefta daban mai suna P2X kuma uku ce.

Dakta_Maman_Iman:
Haka ne Injiniya. Suxamethonium da muke bayarwa a tiyata ma kusan haka yake, yana buɗe ƙofar ya ƙi tashi da wuri, za ki ga tsokar majiyyaci ta ɗan yi rawa tukunna sannan ta saki gaba ɗaya, a nan ake sa bututun numfashi. Ƙanwata ki ɗauki takarda ki zana biyar ɗin da hannunki ki sa alama a wuri biyun da asetilkolin ke kamawa, zai fi zama miki.