Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma: a kasuwa ma haka ne?

Jikar Mai Agashe, Gadarif:
Slm jama'a. Jiya muna shan jabana, wato gahawa, da mama sai hirar kakana ta taso, Allah ya jiƙansa. Agashe, gasasshen naman nan mai kama da tsire, yake sayarwa a kasuwar Wad Madani a nan Sudan, wata 'yar rumfa ce ko mutum huɗu ba za ta ɗauka a zaune ba amma daga la'asar har bayan isha'i mutane ne tsaitsaye, rabinsu ma hira ce ta kawo su. In habboba, wato kakata, ta ce Malam ka faɗaɗa wajen nan mana ka sa benci, sai ya ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. To ni dai na ɗauka maganar baƙo ce a gida, ko ana yinta a kasuwa?

Malami daga Mai Wurno:
Allah ya yi masa rahama. Asalinta maganar karɓar baƙo ce 'yata, wato fara'ar da ka tare shi da ita ta fi abin da ka shimfiɗa masa. Amma mai saye ai baƙo ne, shi ya tako ya same ka. Kuma iyayenmu a nan sun fi kowa sanin nauyinta, waɗanda suka biyo Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903 wace tabarma gare su? Duk da haka alhazan da ke tahowa da ƙafa a gidajensu suke sauka.

Ɗan Misfala, Makka:
Malam a gafarce ni amma karin maganar nan marowata sun ƙwace ta wlh. Ka taso tun daga Jidda cikin zafin nan ka je gidan mutum, ya washe baki, marhaban marhaban, ko ruwa babu, an yi shimfiɗar fuska kenan. Cewa aka yi ta FI, ba a ce a naɗe tabarmar a ɓoye ba. Agashen nan dai shi muke kira siriya a nan.

Kawunta, Bor Sudan:
Ke yarinya ashe nan kika kawo mu. To ni na riƙe masa mafici shekaru, hayaƙi ya gama da idona, bari in faɗa. Baba ba marowaci ba ne, matsalarsa ma akasin haka ce. Kowa ya tsaya sai ya yanko tsoka ya dangwala a yajin ƙuli ya miƙa masa a bakin wuƙa, ɗanɗana ka ji, ya tambayi ƙafar mahaifiyarka, ya tambayi yaron da aka yi wa kaciya, Balarabe da larabci Bahaushe da hausa. Wanda ba shi da kuɗi a naɗe masa a takarda a rubuta. Littafin bashinsa da ajami yake, duk ya sha mai, in na ce Baba mu bi mutanen nan sai ya ce bashi hanji ne yana cikin kowa. Maƙwabcinmu mai ɗaure fuska kamar an aiko masa da mutuwa ya sayi shago biyu, mu har Baba ya rasu haya muke biya. Fuskar nan da kuɗi ake shimfiɗa ta, kar wanda ya ruɗe ku.

Ɗan Misfala:
To ka ga shi ya haɗa biyun kenan, naman ne tabarmar.

Jikar Mai Agashe:
Kawu amma ka manta Disamban 2023 da muka gudo daga Madani saboda yaƙi? Ana rububin mota, direban nan da ya ji an ce 'yar mai agashe ce ai shi ya ɗauke mu.

Kawunta:
Ban manta ba. Kuɗinsa ya karɓa cif, ko jine ɗaya, wato fam ɗin Sudan, bai rage ba, kuma na rantse sunansa yana cikin littafin. Gaban mota dai ya ba mamanku ya sauke yaronsa baya, wannan kam ya yi.

Malami daga Mai Wurno:
A ranar nan gaban mota ba ƙaramin abu ba ne Alhaji. Littafin yana hannunku?

Jikar Mai Agashe:
A'a Malam, yana cikin akwatin habboba a Madani muka baro shi. Wanda ya leƙa mana gidan ya ce ko ƙofa babu.