Giwaye sun cinye gonar baffana, wa zai biya?

Ɗan_Yagwa:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah wanda ya san kan dokar gandun daji a nan Kamaru ya taimaka min da bayani. Baffana yana noma a wani ƙauye tsakanin Kalfu da Mulbuday, to cikin satin nan giwaye suka faɗa mishi gona da dare, dawar da ta fara nuna sun cinye, wadda basu ci ba sun tattake, audugar dake gefe ma sun bi ta kai sun wuce kuma audugar nan da bashin taki akayi ta, bashin da dole ka biya ko ka samu ko baka samu ba. Naje na gani da idona, kara duk a kwance kamar babbar mota ta bi ta kai, ga kashinsu tuli tuli da ƙwayar dawar a ciki ko narkewa batayi ba. An faɗa wa jauro yace ayi haƙuri zai kai maganar gaba, har yanzu shiru. Tambayata, wane ofishi ake kai ƙara, kuma gwamnati tana biyan diyya ko kuwa? Na biyu samarin garin sun fara maganar haɗa kuɗi su ɗauko maharbi, idan aka kashe ɗaya meye hukuncin?

Malam Usmanu Garwa:

Wa alaikumussalam ɗana, Allah Ya mayar wa baffanka da alheri. Na farko maganar maharbi ka kira su yau ɗin nan kace su bar ta. Namun daji a Kamaru an kasa su gida uku, A da B da C, na A ba'a taɓa su kwata kwata irin su zaki da raƙumin dawa, giwa kuma tana cikin waɗanda doka ta kare sosai. A tsohuwar dokar 20 ga Janairu 1994 wanda ya kashe dabba irin wannan ɗaurin shekara 1 zuwa 3 ne da tarar sefa miliyan 3 zuwa 10, sannan ko ba kai ka harba ba idan aka samu nama ko haure ko fata a ɗakinka doka ta ɗauka kai ne ka kashe. Sabuwar dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ƙara tsananta hukuncin tayi. Eh dokar 1994 ɗin tayi maganar kare kai, cewa wanda ya kashe dabba a daidai lokacin da take neman ransa ko dabbobinsa ko amfanin gonarsa ba'a hukunta shi muddin ya kai hujja wajen jami'in namun daji mafi kusa cikin awa 72, amma ku lura ance a daidai lokacin, haɗa kuɗi a ɗauko maharbi bayan kwana da kwanaki wannan farauta ce sunanta, babu alƙalin da zai karɓa.

Abin da zakuyi, kada ku tsaya a bakin jauro kaɗai. Ku rubuta takarda zuwa ga sufurefe, wato wakilin gwamnati mai kula da yankinku, kwafi ɗaya ga shugaban ofishin gandun daji na yankinku, ɗaya ga jami'in noma, shi ne mai auna gona ya ƙiyasta ɓarna a rubuta konsta, wato takardar shaidar ɓarnar. Ku ɗau hoto da waya tun sawun bai goge ba, kuma kar baffanka yaje shi kaɗai, duk waɗanda aka yiwa ɓarna su rubuta sunansu da lawan a gaba. Ma'aikatar dake da namun daji ita ce MINFOF, su ke turo ekogad, wato masu gadin daji, su kora giwayen da harbin sama, in abin yayi tsanani har an rasa rai to izini na fitowa daga sama a harbe wadda ta addabi mutane, nama a bar wa gari haure kuma na gwamnati ne. Diyya dai gaskiya dokar 1994 bata tanade ta ba. Abin da na saba gani shi ne agaji, buhun hatsi ko ɗan wani abu, shima sai sunanka yana cikin konsta, shi yasa nace kar ku raina takardar.

Hajiya Mai Ƙosai:

Malam Usmanu da girmanka amma wlh maganar nan tana ƙona min rai. Wato giwa ta gwamnati ce ranar da ka taɓa ta, ranar da ta cinye maka abincin shekara kuma ta Allah ce ayi haƙuri? Ni yaron dake kawo min itace an tare shi a hanya da ɗaurin itace a bayan keke, busasshe fa ba ɗanye ba, aka karɓe har gatarin, ko minti goma ba'a yi ba an rubuta mishi tara. Ashe suna da sauri in sun ga dama. Ina laifin kuɗin da ake karɓa na itace da gawayi a ware wani abu saboda irin baffan yaron nan. A 2023 ai har gefen Marwa giwayen nan suka shigo akayi asarar rai, sai da suka zo birni sannan kowa yasan da maganar, mutanen ƙauye kuwa duk damina a haka suke kwana da tocila a hannu.

Baba Alhaji Kuseri:

Hajiya kinada gaskiya amma bari in ƙara wani abu da yaran yanzu basu sani ba. Giwayen nan ba ɓata hanya sukayi ba, hanyarsu ce da suka daɗe suna bi, na gandun Waza wasu da rani suna hawa arewa zuwa gandun Kalamaluwe nan kusa damu, wasu da damina su gangara kudu wajen Mindif da Kaele da Kalfu. Waza tun 1934 aka keɓe ta, 1968 ta zama babban gandu na ƙasa, a lokacin ruwan kogin Logon yana malala ya cika yayre, wato fadamar yankin, duk shekara ciyawa har ta rufe mutum. Da aka gina dam ɗin Maga a 1979 saboda noman shinkafa na kamfanin SEMRY ruwan ya daina isa wurare da yawa, ciyawa ta mutu, tafkuna suka riƙa ƙafewa da wuri, dabba kuwa bata zama inda babu ruwa. A gefe guda mu ma mun yawaita, dajin da suke ratsawa ya koma gona da filayen masakwa, dawar rani. To gwamnatin da ta san wannan hanyar tun da daɗewa ita ya kamata ta shata ta a fili tace nan ba'a noma, wanda ya riga ya zauna a bashi wani wuri, kuma a kai ekogad tun kafin giwaye su taso ba sai bayan sunyi ɓarna ba. Sannan tunda aka sace iyalin Faransawan nan kusa da Dabanga a 2013 masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa daga Waza, ɗan kuɗin da gandun ke samu da masu raka baƙi da masu otal duk ya tsaya, ga rashin tsaro, to mai gadin da baya iya shiga daji shi kanshi ta yaya zai bi garken giwa.

Sani Cholire:

Ni dai bazan zagi ekogad ba don ina zaune dasu. Mutum biyu uku a kan babur ɗaya da tsohuwar bindiga ace su tsare daji kamar Buba Njida mai murabba'in kilomita 2,200, ku tuna 2012 da mahara suka zo a kan dawakai daga wajen Sudan da manyan makamai suka kashe giwaye ɗaruruwa cikin 'yan makonni sai da aka turo soja. Yanzu ga masu haƙar zinari a gandun Binuwai ga shanu da ake turawa cikin gandu da rani. Makarantar namun daji dake Garwa tun 1970 take horar da mutane daga ƙasashen Afirka da yawa, ilimin akwai shi, kayan aiki ne babu. Mu nan jihar Arewa namu daban ne da na jihar Arewa Mai Nisa, fiye da kashi 40 cikin ɗari na ƙasar jihar gandu ne da yankunan farauta da ake ba Turawa haya su kawo baƙi su harbi gwanki da ɓauna su biya kuɗi mai yawa, kuma a ƙa'ida wani kaso na kuɗin hayar yana dawowa komin, wato ƙaramar hukuma, da ƙauyukan dake gefe. Shi ya kamata mutane su riƙa tambayar shugaban komin ɗinsu, nawa ya shigo bana, me akayi dashi. Ɗan Yagwa kafin takarda tayi tafiyarta ku gwada barkono, a daka busasshe mai zafi a kwaɓa da kashin shanu a shanya yayi tubali, da magariba a kunna shi a gefen da iska ke kaɗawa zuwa inda giwayen suke fitowa, hayaƙin basa son shi.

Hajiya Mai Ƙosai:

Sani ka san nawa ake saida kwanon barkono a kasuwar Marwa yanzu kuwa? Mutumin da ke neman na biyan bashin taki kace ya ƙona barkono duk dare har a gama girbi. In dai yana aiki to su ma'aikatar su saya su raba, ai giwarsu ce.